Kilifar da Auta Ta Aiko

Shagon askinsa yana tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Ɗaki ɗaya ne mai kujera biyu, amma a kan ɗaya kaɗai ake aski. Ɗayar ta karye tun da daɗewa, ya ce shi zai gyara ta da hannunsa, daga nan ta zama wurin ajiye tawul. Akwai dogon benci a jikin bango, da madubin da ya tsage ta gefe, da fankar sama mai juyawa kamar an yi mata dole. Shekara talatin da huɗu ya yi a cikin wannan ɗakin.

Duk layin Na-Sani ake ce masa, kuma yana amsawa. Ba shi ya raɗa wa kansa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka zo masa da labarin gobarar da ta tashi yanzun nan a bayan tasha, kafin ka rufe baki zai ce ya sani. Ka ce masa likitoci sun gano sabon ciwo, ya riga su. Matarsa, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a firamare har kowa ke kiranta Malama, takan ba da labarin ranar da ta dawo daga asibiti ta gaya masa suna da cikin fari. Ya ɗaga kai ya ce ai ya sani. Ta tambaye shi ta yaya, alhali ita mai cikin sai da hantsin nan ta ji. Ya ce ya ga alama a tafiyarta. Ta ce tun daga ranar ta daina kawo masa albishir, sai dai ta kawo masa tuni.

Amma fa a kan aski ba a ja da shi. Da farko aikin gidan waya ya nema, ya rubuta jarrabawa sau biyu bai ci ba, sai ya koma wurin wani tsoho a bakin kasuwa ya koyi almakashi da mataji. Hannunsa ba shi da nauyi. Yaron da ya tayar wa uwarsa hankali tun daga gida, da ya hau kujerar Na-Sani sai barci ya kwashe shi kafin a kai ƙeya. Da wannan hannun ya reni 'ya'ya biyar, huɗu maza, sai autarsu mace. Ita ce ta karanta aikin jinya, ta yi aure, aiki ya kai ta da mijinta wata ƙasa mai nisa. Ranar tafiyarta ya ce ba zai je rakiya ba saboda shago ya cika. Tela ya ce shi dai ranar nan bai ga kowa a shagon ba, sai maigidan yana ta goge madubi.

Bayan shekara guda Auta ta ba wani matafiyi saƙo. Akwati ne ɗan ƙarami, a ciki ga kilifa, wato injin aski, baƙa wuluk mai bakin azurfa, tana kwance a kan ƙyalle mai laushi. Da ka ɗauka ka san ba irin na kasuwa ba ce, don tana da nauyi a hannu. Na-Sani bai jona ta ranar ba. Kwana uku ya yi yana buɗe akwatin yana nuna wa duk wanda ya shigo, har da masu tambayar hanya. Ya ce irin wannan ce ake yi wa manyan can aski da ita, kuma ba a jin ƙararta sam, sai dai mutum ya ga gashinsa a ƙasa.

Rana ta huɗu ya zaɓi kan da za a fara da shi. Wani direban babbar mota ne, mai cikar suma da haƙuri. Benci ya cika, tela ya bar ɗinki ya leƙo. Na-Sani ya ɗaura wa direba ƙyalle, ya ɗiga mai a bakin kilifar, ya jona, ya danna.

Ƙarar da ta tashi kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Kilifar ta riƙa fizga a hannunsa tana neman ƙwacewa. Direba, mutumin da ya sha fashewar taya a kan gada bai girgiza ba, sai ga shi a bakin ƙofa da ƙyalle a wuya. Na-Sani ya kashe ta. Ya dubi mutanen benci ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ai ya san za a yi haka, sabuwa ce, sai ta saba da hannu.

Ba ta saba ba. Ya ƙara mai, ya kwance wuƙar ya sake ɗaurawa. Akwai wani babban noti a gefenta, ya murɗa shi dama ya murɗa hagu, ƙarar ta ɗan sauya murya amma ba ta ragu ba. Ya kira mai gyaran wuta ya auna soket, aka ga ƙarfin wutar daidai yake da wanda aka rubuta a jikinta. Mai gyaran waya ya jujjuya ta ya ce wataƙila jabu aka sayar wa yarinyar. Wannan maganar ta yi wa Na-Sani zafi fiye da ƙarar. Kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba.

Auta kuwa takan kira duk ranar da ba ta da aiki, kuma tambayarta ta farko ita ce yaya kilifa. Sai ya ce mata ai babu kamarta, mutane har daga wata unguwa suke zuwa. Idan kiran bidiyo ne kuma ya same shi a shago, sai ya yi maza ya ajiye tsohuwar, ya ɗauko sabuwar daga kan kanta ya riƙe a saman kan wanda yake yi wa aski, yana murmushi. Masu zuwa askin suka gane, har wasu kan taya shi, su ce wa wayar lallai 'yar nan ta iya zaɓe. Malama ta ce masa ya gaya wa yarinya gaskiya, ya ce ita ba ta san yadda ake tafiyar da 'ya'ya ba. Ta ce haka ne, guda biyar kawai ta haifa.

Ana nan sai wata rana da tsakar rana aka ɗauke wuta. Tela yana da ɗan janareta a bayan shago, kuma tun tuni ya ja wa Na-Sani waya ɗaya saboda maƙwabtaka. A kwanakin wani surukin telan ya taɓa janaretan, ya ce ya ƙara masa ƙarfi, tun daga nan yake gudu yana kuka kamar ana binsa. Shagon ba kowa. Na-Sani ya dubi kilifar a kan kanta, ya ɗauko ta ya jona, don kawai ya sake jin haushinta.

Sai ta yi wani ɗan gurnani mai taushi, kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya kashe ya sake kunnawa, haka dai. Ya ɗora ta a bayan hannunsa, gashin ya zube bai ji komai ba. Bai tsaya sa takalmi ba ya faɗa shagon tela, ya janyo shi da zare a baki ya zaunar a kujera. Tela ya ce jiya-jiya aka yi masa aski, Na-Sani ya ce wancan ba aski ba ne. An gama ɓangaren dama, ana shirin juyawa hagu, aka dawo da wuta, matar telan da ke tsaron shago ta mayar da layi kan wutar gari. Kilifar ta kurma ihu a gindin kunnen tela. Da tsohuwar aka ƙarasa masa, yana ta sosa kunne yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da maƙwabtaka.

Daga ranar Na-Sani ya zama mutum ɗaya tilo a layin da ke murna idan an ɗauke wuta. Kowa na tsaki, shi yana kiran na gaba. Bayani ma ya samo. Ya ce wutar janareta sabuwa ce, yanzu aka dafa ta, ita kuwa ta gari ta kwana a hanya ta yi tsami, kuma kayan waje ba sa cin kwantai. Wasu suka yarda. Har aka samu masu zama a benci suna jiran a ɗauke wuta kafin su hau kujera.

Duk wannan ya faru ne Injiniya ba ya gari. Injiniya tsoho ne da ya yi shekara talatin a tashar samar da wuta kafin ya yi ritaya. Ba injiniya ba ne a takarda, aikinsa shi ne zama gaban allo yana lura da allurai, amma layin ya ba shi muƙamin kuma bai mayar ba. Tun buɗe shagon ake yi masa aski a nan, kuma shi kaɗai ne idan Na-Sani ya ce ya sani yake tambayarsa me ya sani. Wata biyu ya yi wurin ɗansa ana yi masa aikin ido. Da ya dawo, suma ta taru, ya zauna aka ba shi labarin wuta mai tsami. Bai yi dariya ba. Ya ce a miƙo masa kilifar, ya kai ta dab da idon da aka gyara, ya karanta ɗan rubutun da ke ƙasanta.

"Sittin ce," in ji shi. "Mu kuwa hamsin muke sha."

Na-Sani ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, sai ya ga bai san ta inda zai kama ba. Ya tambaya hamsin ɗin me.

Injiniya ya ce wutar da ke cikin waya ba miƙewa take yi kamar ruwa a famfo ba, kai da komowa take yi, ta je ta dawo. A nan sau hamsin take yi cikin sakan ɗaya, can inda Auta take kuwa sau sittin. Ya ce aikin da ya ci ƙuruciyarsa ke nan, zura wa allura ido kada ta bar kan hamsin. Ita wannan kilifar ba ta da abin da ke juyawa a ciki, ƙarfe ne a kan sifirin, irin ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, wuta na fizgo shi tana saki, kuma an gwada sifirin ɗin ne da bugun sittin. Ya ce wa Na-Sani ya tuna lilon yara. Idan kana turawa daidai da dawowarsa, yatsa biyu sun isa. Idan ka saɓa lokaci, sai lilon ya bugi haƙoranka. Janaretan tela kuwa, da surukin ya sa shi gudun da ya wuce ƙa'ida, bugunsa ya haura ya kusa sittin, shi ya sa kilifar ta ji kamar ta koma gida.

Na-Sani ya ajiye mataji. Sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa. Wane ne ya yi wannan rabon, kuma me ya sa aka ba wasu sittin aka rage mana goma.

A nan ne Injiniya ya yi dariya har sai da ya dafe idonsa. Ya ce ba wanda ya zauna ya raba. Sama da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da aka fara ƙera injinan wuta, kowane kamfani da lambarsa. Akwai mai ashirin da biyar, akwai mai arba'in, akwai wanda ya haura ɗari. Idan bugun ya yi ƙasa sosai, ƙwan fitila ya riƙa ƙyafta ido har kan mutum ya yi ciwo. Idan ya yi sama sosai, injinan masana'antu na lokacin ba sa jin daɗinsa. Da aka sha wuya sai aka taru a tsakiya. Wani babban kamfani a tsallaken teku ya tsaya a kan sittin, wani a wannan ɓangaren ya tsaya a kan hamsin, kowa da lissafinsa, kuma duka biyun suna aiki. Sauran ƙasashe kuwa, yawanci wanda ya fara kawo maka injin wuta, lambarsa ka gada. Kuma garuruwan da waya ɗaya ta haɗa dole bugunsu ya zo ɗaya. Kafin a farga an shimfiɗa wayoyi, an cika gidaje da masana'antu da kaya, sauyawa ta zama sai an tumɓuke komai. Ya ce akwai ma wata ƙasa can gabas da har yau rabinta hamsin rabinta sittin, saboda manyan biranenta biyu ba wuri ɗaya suka yi sayayya ba.

"To wanne ya fi?" Na-Sani ya tambaya.

"Wanda kayanka ya sani," in ji Injiniya.

Na-Sani ya juya kilifar a hannunsa, ya daɗe yana kallon ɗan rubutun nan da ya yi wata biyu a gabansa. Sannan a hankali ya ce shi wallahi bai san wannan ba. Tela, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya roƙi a maimaita don ya kira mai gyaran waya ya zama shaida. Ba a maimaita ba.

Daɗin bai daɗe ba. Injiniya ya zagaya bayan shago ya saurari janaretan, ya gaya wa tela idan ya bar shi a wannan gudun injin ba zai ga ƙarshen shekara ba. Washegari aka kira makaniki ya mayar da shi daidai. Janareta ya samu lafiya, kilifa ta koma ihu a wutar gari da ta gida baki ɗaya. Na-Sani ya ce wa Injiniya da ya san abin da idon nan zai gano da bai yi masa addu'ar samun sauƙi ba. Injiniya ya ce akwai ɗan akwati da ake sayarwa mai mayar da hamsin sittin, amma shi bai taɓa ganinsa a kasuwar nan ba, can inda aka sayi kilifar ya kamata a tambaya.

Wannan ita ce maganar da Na-Sani ba ya son ji. Mako guda yana kewaye-kewaye. Ran nan da la'asar yana gida, Auta ta kira, Malama ta ɗora masa wayar a cinya ta zauna kusa tana tsintar wani abu a faranti. Ya yi gyaran murya. Ya tambayi aiki, ya tambayi miji, ya tambayi sanyin garin. Da tambayoyi suka ƙare, ya ce akwai wata 'yar magana game da kilifar nan, ba laifin kowa ba ne, laifin wasu kamfanoni ne da suka kasa shiri da juna tun kafin a haifi kakansa.

Auta ta bar shi ya yi bayanin lilo tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama ta ce, "Baba, ai na sani."

Ashe tun makon farko Malama ta gaya mata. Ko ba don haka ba, ta ce, duk kiran bidiyon da suka yi tana ganin filogin yana reto a gefen gwiwarsa. Mijinta ya bincika, ya sayi akwatin nan mai mayar da hamsin sittin tun tuni, yana cikin durowa. Ta so ta aiko, uwar ta ce a'a, a bari ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba zai ce kilifar lafiyarta ƙalau, 'ya'yan zamani ne da ɓarnar kaya. Na-Sani ya waiga ya dubi Malama. Ita kuwa ba ta ɗago daga farantinta ba, sai kafaɗunta ke rawa don dariya. Ya so ya yi fushi, amma muryar Auta tana dariya a wayar ta hana shi. Ya ce mata kilifar dai kyakkyawa ce, wannan bai yi ƙarya ba. Ta ce ta san da haka, ta kuma ce ta yi kewarsa. Ya ce layin wayar ba shi da kyau, ya miƙa wa uwar, ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke fuska.

Akwatin ya iso bayan mako uku, bai fi tafin hannu biyu ba. Direban nan aka fara nema, aka sha lallashi kafin ya yarda ya zauna, kuma bai bari an ɗaure masa ƙyalle da ƙarfi ba. Aka gama bai ji komai ba, har ya ɗan yi gyangyaɗi.

Abin da layin bai yi tsammani ba shi ne askin zai ƙara tsawo. Duk wanda ya hau kujera sai ya ji tarihin hamsin da sittin, da kamfanoni biyu, da ƙasar da aka raba gida biyu. Mai gyaran waya ya ce shi ya ji sau tara, kuma a kowane ji rawar da Injiniya ya taka tana raguwa, ta Na-Sani tana ƙaruwa. Ɗaliban sakandare kan zo da gangan idan jarrabawa ta matso, don malaminsu bai iya bayanin kamar mai aski ba.

Bayan shekara biyu ƙafafun Injiniya suka gaza, ya daina fitowa. Na-Sani, wanda bai taɓa bin kowa gida da aski ba, ya fara rufe shago duk bayan mako biyu da hantsi. Ya zuba kilifar da akwatinta da tawul a jaka, ya taka har gidan, ya zaunar da tsohon a kujerar roba kusa da taga. Yana aski suna musu. Na-Sani ya koma ɓangaren sittin, ya ce ko a ji ta fi daɗi. Injiniya ya ce shi bai yi shekara talatin yana gadin hamsin ba don wani mai aski ya zo har ɗakinsa ya raina ta. Surukar gidan takan leƙo ta ce likita ya hana Baba ɗaga murya, sai su yi shiru har ta juya baya.

Askin ba ya wuce minti goma, amma sai azahar ta gota Na-Sani ke komawa shago, ya tarar da mutane a benci suna jiransa.